Takarda a Ƙarƙashin Faifai

Ni dai tun ina ƙarami Allah ya jarabce ni da baki. A gidanmu in ka ji shiru, to ko dai barci nake ko na tafi kasuwar Hadejia ranar Lahadi. Karatuna na makaranta a sakandare ya tsaya, amma da na samu waya sai na buɗe wa kaina jami'a a gindin tsamiyar bakin masallaci, inda sabis yake ɗan kamawa. Duk abin da aka rubuta a kan ruwa da kifi da ciyawa sai na sauke na karanta. Rabi in gane, rabi in haddace. Wanda na haddace ɗin shi na fi son faɗa wa mutane, don ya fi tsayin kalmomi. Shi ya sa 'yan garinmu suka sa min Furofesa. Na ɗauki shekara guda cur kafin in gane ba yabo ba ne.

Garin namu cikin fadama yake, gabas da Hadejia, ta wajen Kirikasamma. In damina ta yi nisa mota ba ta isowa. A bakin jinga take tsayawa, daga nan sai kwale-kwale. Babbar damuwarmu kuwa kachalla ce, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsayi, wadda ta cinye mana rafuka. Ta toshe hanyar ruwa, ta hana kamun kifi, tsuntsayen jan-baki kuma su kwana cikinta su wayi gari a kan shinkafarmu. A kan kachalla na ƙware. Wato dai a kan maganarta.

Wadda ta san kachalla da gaske Yayata ce. Ita ce 'yar fari a gidanmu, ta girme ni da shekara shida. Ta yi digiri a kimiyyar halittu, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida tana koyarwa a firamaren da ke tsallaken rafi, da yamma kuma ta taya Inna bandar kifi. Tana da wata tsohuwar sandar tuƙin jirgi ta Baba da ta bi da wuƙa ta tsattsaga mata alama, taƙi-taƙi. Kullum da safe in za ta haye makaranta sai ta tsoma sandar a wuri uku, ta rubuta zurfin ruwan a littafin rubutu irin na 'yan aji. Ta rubuta ranar da kachalla ta rufe hanya kaza, da watan da aka daina ganin kifi kaza a komar masunta. Shekara huɗu tana wannan, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya tambaye ta. Littattafan har sun cika wata tsohuwar jakar shinkafa.

Ni kuma sai in ɗauki littafin in ta shiga wanka, in kwafe lambobin, in je gindin tsamiya in sa a shafina na sada zumunta. In ƙara musu kalmomin da na haddace, in rubuta a ƙasa: daga bakin mai bincike mai zaman kansa. Ban taɓa cewa ni na auna ba. Ban kuma taɓa cewa ba ni ba ne. A lokacin gani nake wannan ma ai gaskiya ce.

Wata rana saƙo ya shigo min daga wani malamin jami'a, dakta ne a sashen da ke nazarin ruwa da kifi. Ya ce ya daɗe yana bin rubutuna, yana so ya zo ya gan ni. Na karanta saƙon ya fi sau ashirin. Na karanta wa mai shayi, na karanta wa mai cajin waya, na karanta wa liman bayan La'asar. Yaya ce kaɗai ban karanta wa ba. Ita ce mata na yi za mu yi baƙo daga birni, ta sa hannu a miya.

Ranar Talata ya iso. Baba ne ya ɗauko shi daga bakin jinga. Na hango shi a tsakiyar kwale-kwale ya riƙe gefe biyu ƙam, ya ɗora jakar kwamfuta a ka. Dattijo ne gajere mai furfura a gemu, mutumin can ƙasar duwatsu ta kudu da mu. Hausarsa tsaf, sai dai kana ji ka san a kasuwa da makaranta ya koye ta, ba a ɗakin uwa ba. Yana taka ƙasa ya ce, “Alhamdu lillahi. Shekara ashirin ina koyar da ruwa, amma har yau ni da shi gaisuwa ce daga nesa.”

Aka sauke shi a zaure. Zauren namu bango ɗaya ne ya raba shi da madafa, bangon ma bai kai rufi ba. Duk abin da aka faɗa a zaure, mai tuƙa tuwo tana ji. Na san haka tun ina rarrafe. Ku riƙe wannan, don kada daga baya ku ce ban sani ba.

Bayan an gaisa an sha ruwa, Dakta ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce a sashensu, ɗaliban digiri na biyu da malamai kusan duk iri ɗaya ne: 'yan birni, makarantu ɗaya suka yi, yawanci maza. “Mu zo nan kwana uku,” in ji shi, “mu ɗebi ruwa a kwalba, mu koma mu rubuta littafi a kan rayuwarku. Babu ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa kwana yana tunanin ko jinga za ta fashe.” Shi ya sa suka yi ta faɗa har aka ware gurbi uku na digiri na biyu ga 'ya'yan bakin ruwa, kuma wanda ya yi ƙoƙari ana iya riƙe shi ya zama malami. Ya samu mutum biyu, ɗaya ta wajen Auyo, ɗaya ta wajen Kaugama, duka maza. Saura ɗaya. Ranar Juma'a zai miƙa sunaye, in bai cike ba gurbin ya koma wa 'yan birni.

“Na so a ce mace ce,” ya ce. “Na yi ta cigiya, ban samu ba. To da na ga aikinka, na ce wannan ma ai babban kamu ne.”

Nan take na ga gurbin ya zama nawa. Na manta sarai cewa kafin digiri na biyu akwai na farko. Har na hango kaina da hular digiri mai tuntu, ana kirana Furofesa ba tare da kowa ya danne dariya ba.

Sai Dakta ya juya wajen Baba. “Baba, yara nawa Allah ya ba ka?”

Baba ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Ya nuna ni da haɓa. “To, ga wannan. Sai ƙannensa biyu, suna makarantar kwana.”

Shi ke nan. Ba ƙarya ya yi ba a wajensa. A gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Ban taɓa jin Baba ko Inna sun kama sunan Yaya ba. In za su yi maganarta sai su ce “waccan” ko “yarinyar nan”. Ba sa lissafa ta a gaban baƙo, balle su ce ta iya wani abu. Ranar da ta gama jami'a ma, da aka zo yi wa Baba murna, tashi ya yi ya tafi duba koma. Duk ɗan garinmu in ya ji uba ya ƙirga 'ya'ya, ya san sai ya ƙara ɗaya a sama. Dakta bai sani ba. Wanda ya kamata ya ƙara masa ɗayan nan, mutum ɗaya ne a zauren, kuma shi ne mai bakin gidan.

Baba ya ɗago ya dube ni. Ya yi gyaran murya. Na miƙa masa ruwa.

Maimakon in ce wani abu a kan Yaya, sai na gyara zama na yi wa Dakta lacca. Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na ce, “Dakta, ai matsalar ilimin mata a yankin nan babba ce. Dole a wayar da kan al'umma. Dole a zaƙulo su duk inda suke.” Na yi ta zuba, har da buga tabarma. Ta bayan bango kuwa ina jin muciya tana bugun tukunya, bugun yana ƙara ƙarfi.

Da muka koma kan kachalla, Dakta ya tambaye ni yadda za a kashe ta. Na ce ai mai sauƙi ne, a bari rani ya yi, ruwa ya ja, a sare ta a cinna mata wuta. Ya ɗan karkata kai. Daidai nan Inna ta ƙwanƙwasa ƙofar cikin gida, alamar abinci ya sauka. Na shiga na ɗauko. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka da bandar tarwaɗa. Ina ɗaga faifan da aka rufe tuwon, sai ga wata 'yar takarda an ninke ta an soke a bakin faifan ta ciki. Rubutun Yaya ne, ƙanana a jere kamar tururuwa:

“Furofesa, in ka ƙone ta da rani ƙara mata ƙarfi kake. A ƙarƙashin ruwa ake yanke ta, ruwan ya rufe kututturen ya shaƙe ta. Ka gyara, kada baƙo ya tafi da shirme.”

Ko kalma ɗaya ba ta rubuta a kan kanta ba. Na dunƙule takardar na tura aljihu. Muka fara cin abinci. Bayan loma uku na ajiye hannu, na dubi rufin zaure kamar mai tunani mai zurfi, na ce, “Dakta, da na sake nazari, ƙonawa ba ita ce mafita ba. A ƙarƙashin ruwa ya kamata a yanke ta.”

Idonsa ya yi haske. “Yauwa! Abin da nake jira in ji ke nan. Ƙasa da ruwa da kamar nawa?”

Na ce, “Bari in kawo yaji.”

Na zaga madafa. Yaya tana durƙushe tana juya kifi a kan wayar banda, hayaƙi ya sa idonta ja. Ba ta ko ɗago ba ta ce, “Taƙi ɗaya, in ya fi haka ya fi kyau.” Na ɗauki yaji na koma. Dakta ya ce mako nawa ruwan zai zauna a kai? Na ce bari in kawo ruwan wanke hannu. Ya ce an gwada a wace hanya, kuma ta sake tsirowa? Na ce bari in kawo man shanu. Kafin a gama cin tuwon nan, tabarmar ta cika: yaji, gishiri, man shanu, buta biyu, tsinken sakace, mafici, da wata fitila da rana tsaka wadda har yau ban san dalilin da na ɗauko ta ba. Dakta ya dubi kayan ya ce, “Kai, mutanen nan akwai karamci.” Baba ya tashi ya fita, wai zai duba jirgi.

Washegari Laraba na zaga da shi gari. Na nuna masa inda ake shanya koma, na nuna masa gonakin da kachalla ta cinye, na gabatar da shi ga duk wanda ya taɓa yi min dariya. Da La'asar muka dawo zaure, ya buɗe kwamfuta ya ce, “To abokina, kawo takardunka mu cike. Wace jami'a ka yi?”

Na ce ai ni karatuna ya fi karkata ga bincike na ƙashin kai.

“Na gane. Amma digirin a ina?”

Na ce ilimi ai ba a bango huɗu kaɗai yake ba.

Ya cire tabarau ya dube ni. “Sakandare?”

Na ce, “Da kyakkyawan sakamako, Dakta. Ban da lissafi.”

Ya mayar da tabaransa. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya rufe kwamfutar a hankali ya ce laifinsa ne da bai tambaya tun a waya ba. Ya ce in sake zama jarrabawa in nemi shiga jami'a, kai irin nawa bai kamata ya tsaya a gindin tsamiya ba. Gurbin kuwa, shi ke nan, gobe da hantsi mota za ta jira shi a bakin jinga.

Kun ga nan ne wurin da mutumin kirki zai ce, Dakta, tsaya, akwai mai digiri a bayan bangon nan. Na buɗe baki. Sai na tuna in na faɗa, dole in faɗi na waye lambobin, da dalilin yaji da man shanu da fitila. Mutumin da ya ce kaina yana da kyau zai san kan aro ne. Na rufe bakin. Karo na farko a rayuwata da na yi shiru, kuma a inda bai kamata ba.

Kafin Magariba na shiga cikin gida na tarar da Yaya tana jera banda a kwando. Na tsaya ina sosa ƙeya.

“Yaya, kin ji dai abin da ake ciki.”

“Bangon ai bai kai rufi ba.”

“To me ya sa ba ki fito kin faɗa masa ba?”

Ta ɗago ta dube ni. “In fito zaure, gaban Baba, in ce wa baƙon da ba nawa ba, ga ni, na iya? Haka ka ga ana yi a gidan nan?”

“To ai da kin rubuta a takardar.”

“Takardar da ke aljihunka?” Ta ci gaba da jera kifinta. “Ka san sau nawa na nemi digiri na biyu? Sau biyu. Ko amsa ban samu ba. Ban san kowa a can ba, ba wanda ya san ni. Yau ga shi Allah ya kawo mai neman har zaure, ya ci tuwona kwana biyu.” Ta ɗaga wata tarwaɗa ta duba cikinta ta ajiye. “Baƙonka ne, Furofesa. Kai ka san abin da za ka sallame shi da shi. Matsa min, kana tare min haske.”

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Na fita ina jin kamar an ɗora min buhun shinkafa jiƙaƙƙe.

Ranar Alhamis da sassafe Yaya ta bi jirgin maƙwabta ta haye makaranta kamar kullum. Dakta ya yi sallama da Inna ta bayan ƙofa, ya gode da abinci. Muka rako shi bakin ruwa. Na ɗauka Baba ne zai tuƙa, sai na ga ya tsaya a tudu ya harɗe hannu a baya.

“Kai za ka kai shi,” ya ce.

“Baba, ni?” Duk garin an san ni da tuƙi sai a hankali. Ni ɗan masunci ne da ya fi sanin sunan kifi da Turanci fiye da yadda ake kama shi.

Baba ya sunkuya ya ɗauko sanda daga cikin ciyawa ya miƙo min. Ba sandarsa ba ce. Mai tsage-tsagen nan ce. Ashe ranar Yaya ba ta tafi da ita ba, ko kuma wani ya riga ta ɗauka, ban taɓa tambaya ba.

“Riƙe da kyau,” in ji Baba, yana kallon wani wuri can daban. “Ba tawa ba ce. Ba kuma taka ba ce. Mai ita tana so a dawo mata da ita.”

Iyakar abin da Baba zai iya faɗa ke nan, kuma na san sai da ya yi gumi kafin ya faɗe shi.

Muka kama hanya. Hanya biyu ce zuwa jinga, doguwa ta bakin gonaki da gajeriya ta tsakiyar kachalla. Don in burge Dakta karo na ƙarshe, na ɗauki gajeriyar. Da na karanta littafin Yaya don in fahimta ba don in kwafa ba, da na ga inda ta rubuta tun watan jiya cewa wannan hanyar ta rufe. Ni da kaina na sa wannan a shafina, har mutum goma sha suka yaba min.

Tun muna ratsawa da ƙyar har jirgin ya tsaya cak. Gaba kachalla, baya ta rufe, sama sai ɗan tsinken sararin sama. Na soka sanda na tura, jirgin ya juya ya dawo inda yake. Na sake turawa, sandar ta kafe a laka, na kusa binta. Sauro ya taso mana kamar an kira shi biki. Dakta ya rungume kwamfutarsa yana salati, shi da na ji jiya yana cewa coci yake zuwa.

Da na gaji na zauna ina haki, na ɗora sandar a cinya. Dakta ya zuba mata ido. Ya sa yatsa yana bin tsagar ɗaya bayan ɗaya.

“Da wannan kake awo?”

Na kau da kai.

“Taƙin nan ƙarami ne,” ya ce. Ya kama hannuna ya buɗe shi a kan sandar. Taƙina ya wuce alamar da kusan gaɓar yatsa biyu. “Wannan ba hannunka ba ne.”

Wallahi da akwai inda zan gudu da na gudu. Amma ina za ka je a tsakiyar kachalla? Na zaro takardar nan daga aljihu, ta yamutse har ta sha miya, na miƙa masa. Daga nan bakin ya ɓalle. Na faɗa masa komai, littattafan da ke cikin jakar shinkafa, digirinta, neman da ta yi sau biyu, har fitilar.

“Amma na tambayi mahaifinka,” ya ce. “Ya ce ku uku ne.”

“'Yar fari ce, Dakta. Ba a ƙirga ta.”

Ya dafe kai. “Sati biyu ina yawo a ƙasar nan ina tambayar iyaye. Sati biyu! Gida nawa ke nan na wuce?” Sai kuma ya fara dariya, yana yi yana kashe sauro a wuya. “Kai kuma ka zauna kana min wa'azin a zaƙulo su duk inda suke.”

“Na faɗa, Dakta.”

“Har da buga tabarma.”

“Har da ita.”

Ya ce, “Juya jirgin nan.” Na ce ai matsalar ke nan, ba ya juyuwa. Ƙarshe sai da na tuɓe riga na faɗa ruwa har ƙirji, na ja jirgin da igiya ta baya, kachalla tana yankar min hannu, Dakta yana daga zaune yana ba ni umarni kamar wanda ya taɓa tuƙi. Hantsi ya wuce, da ƙyar ya samu sabis ya kira direba ya ce ya nemi inuwa ya jira.

Ba gida muka koma ba, makarantar muka nufa. Muka tarar da Yaya a gaban allo tana koya wa 'yan aji huɗu sassan jikin kifi, da karfasa ta gaske a faranti. Ta leƙo ta gan ni jiƙe sharkaf, laka har kunne, ga Dakta a bayana. Ta dubi sandar da ke hannuna.

“Ta gajeriyar hanya ka bi,” ta ce. Ba tambaya ba ce.

Aka fito musu da benci gindin darbejiya. Ni aka aike ni gida in ɗauko jakar littattafai da takardunta, na haye na dawo da sauri. Sun fi awa suna magana, yana buɗe littafi yana tambaya, tana amsawa ba tare da ta tashi ɗauko yaji ba. Wani wurin ma ta ce masa a'a, ba haka ba ne, ya ce to nuna min, ta nuna masa. Ina gefe ina bushewa. Sau biyu na buɗe baki zan ƙara bayani, duka biyun suka juyo suka dube ni tare, na mayar da shi.

Saura Baba. Dakta ya dawo zaure ya zauna sosai, ya ce yana neman izini a kan babbar 'yarsa. Baba ya ƙura wa tabarma ido kamar yau ya fara ganinta. Can ya ce, “Yarinyar nan ta gidan nan? To. In ta ce za ta iya, ba a rasa ba.” Ya tashi wai zai duba jirgi. Jirgin da a gabansa aka ɗaure shi ɗazu. Ta bayan bango na ji Inna tana fyace hanci, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba.

Baba ne ya mayar da Dakta jinga da Azahar, ta doguwar hanya.

Yanzu Yaya tana shekara ta biyu a can. Ta ce ita kaɗai ce mace a ajinsu, kuma ita da 'yan bakin ruwan nan biyu ne kaɗai in an je aikin fili ba sa riƙe gefen jirgi. Har an fara ba ta 'yan aji ɗaya tana duba musu aikin gwaji. Ta ce Dakta kuma ya sauya tambaya, duk gidan da ya shiga yanzu sai ya ce, ban da waɗannan, akwai babba? A haka ya samo wata a wani gari can gaba da mu.

Ni kuwa na koma shafina na rubuta gaskiyar masu lambobin. Mutum uku suka daina bina, ɗaya ya rubuto ya ce da ma ya sani. Na sake zama jarrabawar lissafi, ina jiran sakamako, kada ku tambaye ni yadda ta kasance. Sandar tana hannuna, aro. Kullum da safe ina tsoma ta a wuri ukun nan in tura wa Yaya ta waya, don da su take rubuta kundinta. Jiya na tura mata, na ƙara da ɗan sharhi mai kalmomi masu tsayi a kan abin da nake ganin ya jawo ruwan ya ragu. Ba a yi minti biyar ba amsa ta shigo:

“Furofesa, lambar kawai. Kuma ka sake auna ta biyun, a kan laka ka tsaya.”

Na koma na sake aunawa. A kan laka na tsaya.